Rawar Ranar Arba'in

Jovelyn Macaraeg ta yi rawa ranar da ubanta ya cika kwana arba'in a kabari, kuma duk ƙasar ta gani. Daga nan komai ya lalace.

Ba a ɓoye ta yi ba balle a rufa mata asiri. A talabijin ta yi, da tsakar rana, a shirin nan da ake nunawa kai tsaye daga Manila lokacin da kowa ke gaban kwanon shinkafarsa. Shekara shida tana cikin shirin. Da farko a layin baya take, inda ƙafafu kawai ake gani. Ta yi ta matsowa gaba har aka miƙa mata abin magana tana tsokanar masu kallo, aka gutsure sunanta ya koma Joya. A tsibirin Lubang, inda aka haife ta, 'yan mata har gwangwanin madara suke ɗorawa a ka suna kwaikwayonta.

Rawar fitila ce ta fito da ita. Fitila ɗaya a ka, biyu a bayan hannuwa, duk a kunne, mutum yana juyi yana durƙusawa ba wadda za ta karkace. Ubanta Mang Celso, masunci, shi ya koya mata a bakin teku tun tana 'yar shekara biyar.

"In fitila tana kanki, kan ba naki ba ne," in ji shi. "Ko gwamna ya gaishe ki, da ido za ki amsa."

A cikin kwalekwalensa zuciya ta buga masa. Aka tsinto shi rabin jikinsa a ruwa. Jovelyn ta zo, aka binne shi tana wurin, ta yi kwana tara na addu'a, ta koma bakin aiki.

To, kowa ya sani, ranar arba'in mamaci ke zuwa gida zuwansa na ƙarshe. Yana zagaya ɗakuna, ya ƙirga 'ya'yansa, in ya ga sun cika sai ya kama hanyarsa. Sai ranar ta faɗo daidai da bikin cikar shirin shekara goma. Jovelyn ta je wurin matar da ke jan ragamar shirin, wadda kowa ke kira Direk, ta roƙi kwana biyu.

"Ubanki ya riga ya mutu, 'yata," in ji Direk. "Shirin nan kuwa da ransa."

Ta zauna ta yi rawar.

A can gida tsofaffin mata sun cika falo da carbi a hannu. An ajiye wa mamacin gasasshen kifi a faranti. Aling Medy, mai sayar da tafarnuwa, ita ke jan addu'a kamar yadda ta saba a kowane gidan mutuwa. Ana tsakiyar addu'ar sai kiɗan rawar fitila ya shigo ta taga daga kantin maƙwabta, inda aka ƙure talabijin. Aling Medy ta tsaya. Ta tashi ta leƙa. Ta dawo ta zauna, ta naɗe carbinta.

"Ya ƙirga," ta ce. "Ɗaya babu. Ba zai tafi ba."

Wannan Aling Medy ita ce uwar Rodel. Rodel kuwa shi ne wanda Jovelyn za ta aura.

*

Litinin ɗin da ta biyo baya Jovelyn ta fara ganin ubanta.

Tana cikin juyi ta hango shi a layin ƙarshe na kujerun masu kallo, kusa da ƙofa. Rigarsa ta kamun kifi a jiƙe, hannuwansa a kan gwiwa. Kowa yana tafi, shi bai yi ba. Bai ɓata fuska ba, bai yi murmushi ba. Kallonta kawai yake. Da kiɗa ya tsaya ta sake dubawa, kujerar ba kowa.

Mako na gaba ya matso layi biyu.

Ba ta gaya wa kowa ba, har Rodel, wanda ke riƙe da kyamara ta biyu taku goma daga inda take rawa. Unguwarsu ɗaya a Lubang. Shi ya fara zuwa Manila yana jan wayoyin wuta, shi ya gaya mata ana neman masu rawa. An riga an sa ranar da iyayensa za su zo neman aure kafin mutuwa ta gitta. Da aka yi wata biyu da rasuwar, Rodel ya matsa wa uwarsa lamba har ta yarda ta taka gidan.

Tun daga ƙofa Jovelyn ta san babu alheri. Mai zuwa neman aure da tukunya yake zuwa. Aling Medy hannu rabbana ta shigo. Rodel ne ke bayanta da ƙunshin taliyar pansit da ya saya a tashar jirgi, mai ya ɓata takardar.

Jovelyn ta sunkuya ta miƙa hannu don ta kama na tsohuwar ta kai goshinta, gaisuwar manya da ake kira mano.

"Mano po, Aling Medy."

Tsohuwar ta mayar da hannunta baya.

"Hannuna warin tafarnuwa yake, Joya. Ba na 'yan talabijin ba ne."

Jovelyn ta tsaya a sunkuye, hannunta a iska. Tun da ta yi wayo ba a taɓa hana ta hannu ba.

"Nanay!" in ji Rodel, wato Inna.

"Rufe min baki. Ka ce in zo, na zo."

Uwar Jovelyn, Aling Pilar, ta jawo kujera. "Zauna mana, Medy. Yarinya ce, ta yi kuskure. Aiki ne ya riƙe ta."

"Aiki! Ni ma na bar tafarnuwa buhu huɗu a rana na zo na yi wa mijinki addu'a, ba ubana ba ne. Pilar, shekara talatin ina jan addu'ar arba'in a garin nan. Na ga ɗan da ya zo daga Saudiyya ya kwana ɗaya ya koma. Na ga wadda aka kawo daga asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. Ban taɓa ganin wadda ta aiko wa ubanta kiɗa ta taga ba."

Jovelyn ta fashe da kuka. "Rawarsa ce fa na yi. Shi ya koya min. Na zaci zai ji daɗi."

"Ya ji daɗi? To me ya hana shi tafiya?" Aling Medy ta juya ga uwar. "Gaya mata, Pilar. Ko kin fi so ni in faɗa?"

Aling Pilar ta sunkuyar da kai tana murza bakin baƙar rigarta.

"Matakalar nan tana ƙara," ta ce a hankali. "Kullum ƙarfe sha biyu na rana, daidai lokacin da shirinku ke farawa. Taku uku, irin nasa, mai jan ƙafar hagu. Sai kare ya tashi yana kaɗa wa ƙofa wutsiya. Sauka yake yi, 'yata. Fita yake. Wurinki yake zuwa."

Jovelyn ta juya ta kalli matakalar.

"Ku ji ni da kyau," in ji Aling Medy. "Aure a shekarar mutuwa sukob ne, ko jariri ya san yana jawo masifa. Wannan ɗaya. Na biyu, ba zan shigo da yarinyar da mamaci ke bi gidana ba. Ɗa ɗaya gare ni. Wata goma suka rage a cire baƙin makoki. Ta dawo gidan nan ta zauna. Ba rawa, ba talabijin. Kullum ta kunna masa kyandir ta ce, Tatay, Babana, ga ni. In shekara ta cika ya tafi, ni da kaina zan ɗauko tukunya a ka in zo."

"Wata goma, Aling Medy? Mako biyu na yi zazzaɓi, na dawo na tarar da wata a cikin rigata."

"To ki zaɓa. Rigar ko ɗana."

Ta miƙe ta fita. Ko ruwa ba ta sha ba. Taliyar ta huce a kan tebur ba wanda ya kwance ta.

*

Washegari da safe suka hau jirgin ruwa na komawa, su biyu. Suka tsaya can baya wajen igiyoyi inda ƙarar inji ke rufe magana. Jovelyn tana ta share ido da gefen gyale.

"Mu je wurin alƙali a Manila," in ji Rodel. "Shaida biyu, minti goma, an gama. In uwata ta huce ta huce."

"Kai ɗin? Kai da ba ka yanke farce ranar Juma'a don ta hana ka? Del, ranar da ɗanmu ya yi tari za ka kalle ni. Ba za ka ce komai ba, amma za ka kalle ni. Na gwammace a mare ni."

"Ba zan kalle ki ba."

"Ƙarya kake."

Shi ma ya san ƙaryar yake.

"Ba ta ba ni hannu ba," ta ce, kuka ya sake ƙwace mata. "A gaban Nanay. A gidan ubana. Ina sunkuye kamar akuya. Me na kashe? Rawa na yi, Del. Rawar nan ce ta sa wa gidanmu rufin kwano. Lokacin ba wanda ya ce ƙazanta ce."

"Ba ta ce ƙazanta ce ba."

"Kana kare ta ke nan."

"Uwata ce, Jovie. Me kike so in ce? Ke ma kin san da kin zo ranar da duk wannan bai faru ba."

Ta juyo ta dube shi, ido jawur. Sai kuma ta kau da kai ta kalli ruwa.

"Ina ganin Tatay," ta ce.

"Na sani."

"Ka sani kamar yaya?"

"Fuskarki ce aikina. Shekara shida ina kallonta ta gilashi. Da, in kina juyi, jan fitilar kyamarata kike nema. Yanzu hagu kike kallo, cikin mutane." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ranar Laraba na juya kyamara na bi idonki. Layi na biyar, kujera ta uku."

"Ka gan shi?"

"Ban ga kowa ba. Amma zauren a cike yake, mutane har jikin bango a tsaye, kuma ba wanda ya zauna a kujerar nan. Wata mata ta zo za ta zauna, ta taɓa ta, ta duba tafin hannunta, ta goge a siket ta wuce."

Jovelyn ta kama ƙarfen jirgin da hannu biyu.

"Kullum matsowa yake," ta ce. "In ya iso layin gaba me zai yi min?"

"Ubanki ne. Bai taɓa dukanki ba yana da rai."

"Shi ya sa nake tsoro. Ban san fushinsa ba."

Rodel ya kama kafaɗarta. "Ki ba ni wata goman nan. Ban taɓa roƙonki komai ba. Duk ƙarshen wata zan hau jirgin nan in zo in zauna a matakalarku kamar karen gidan."

"In na dawo ba wanda zai tuna Joya."

"Ni ba Joya nake nema ba."

Ta ci gaba da kallon ruwa har suka ga gaɓar Batangas.

*

A Manila kuwa labarin ya riga su isa. Wani daga tsibirin ya sayar wa jaridun gulma, suka buga hotonta da fitila a ka, a ƙasa suka rubuta 'Yar Arba'in. Wasiƙun zagi suka fara zuwa. Masu tallar sabulu suka fara tsuke baki.

Direk ta kira ta ofis. Jomar Villaluna yana zaune a kan tebur yana kaɗa ƙafa. Shi ne mai gabatar da shirin, kuma shekara biyu ke nan ana haɗa su a gaban kyamara kamar masoya, yana kawo mata fure tana murguɗa masa baki, 'yan mata suna ihu.

"Mutanen nan mantuwa gare su," in ji Direk. "Ka ba su sabon abin kuka, su manta tsohon. Ranar Asabar za ki yi rawar fitila. Ba ta batir ba, ta gaske, da man kwakwa, kamar a ƙauyenku. In kin gama, kafin ki sauke, Jomar zai durƙusa da zobe. Ki ce e. Shi ke nan, 'Yar Arba'in ta mutu, amarya ta tashi."

"Direk, ina da wanda zan aura."

"Na sani. Shi zai ɗauko mana fuskarki kusa-kusa. Ba wanda ya iya ta kamarsa."

Jomar ya biyo ta har lungun da ake rataye kayan rawa. Ya daina murmushin nan nasa na talla.

"Joya, ita wasa take. Ni ba wasa nake ba. Zoben da kuɗina na saya."

"Kuya Jomar, don Allah."

"Daina ce min Kuya, ni ba yayanki ba ne, ba uwarmu ɗaya ba. Saurara. Uwata tana Italiya tana wa tsofaffi wanka, ba ta ƙirga kwanakin kowa. Da ubana ya mutu, washegari na fito na rarraba wa mutane firji a shirin nan, ba abin da ya biyo ni. Can kuwa me ke jiranki? Tsohuwa mai carbi za ta zaunar da ke kina ɓare tafarnuwa har ƙugunki ya bushe. Ke 'yar rawa ce. In kin daina, me ya rage?"

Maganar ta soke ta, don tambayar da take wa kanta ke nan.

Rodel ya zo wucewa da naɗin waya a kafaɗa. Jomar ya ɗaga murya.

"Maigida Rodel! Ranar Asabar ta gefen hagu za ka ɗauko ni, nan na fi kyau. In hannunka zai yi rawa ka faɗa, a ba wani."

"Hannuna ba ya rawa," in ji Rodel. "Ka dai kula da wandonka in za ka durƙusa. Ya matse."

Ranar Juma'a da rana ta sami Rodel a wurin cin abincin ma'aikata, ya tasa shinkafa da naman adobo a gaba bai taɓa ba. Ta zauna.

"Yau a layi na biyu yake," ta ce.

Ya ajiye cokali.

"Na yanke shawara, Del. Gobe ce ta ƙarshe. In Jomar ya durƙusa zan ce a'a a gaban duk ƙasar, in sauke fitilu, Lahadi mu hau jirgi. Ka gaya wa uwarka ta wanke tukunyarta."

Ya riƙe hannunta har ya ji mata zafi. Idonsa ya kawo ruwa, bai damu da masu kallo ba.

"To kar ki yi rawar ma. Mu tafi yau. Yanzu. Akwai motar ƙarfe uku."

"Shekara shida, Del. Ba zan fita ta ƙofar baya kamar ɓarauniya ba. Rawa ɗaya."

"Rawa ɗaya ce ta kawo mu nan."

"Wannan ta sallama ce."

Ya so ya ƙara magana. Ta zare hannunta ta ɗauki cokalinsa ta fara cin abincinsa, tana kuka tana dariya. Sai ya ƙyale ta. Da ma bai ƙyale ba.

*

Asabar zauren ya cika har waje. Mai kwalliya ta naɗe mata gashi ta fesa masa maganin tauri har sau uku don fitila ta zauna. Rigar mai manyan hannuwa ce, daga nesa kamar yadi mai tsada na zaren abarba, amma roba ce zalla. A ciki, inda ba a gani, Jovelyn ta maƙala ɗan baƙin maɓallin makoki.

Aka rage wutar zauren. Aka kunna mata fitilu uku. Kiɗa ya tashi.

Ubanta yana layin gaba, tsakiya. Kusa har tana ganin ruwan da ke ɗiga daga gefen wandonsa, da tabon ƙugiya a babban yatsansa.

Ta yi rawar. Waɗanda suka gani sun ce ba ta taɓa yin irinta ba. Ta durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, ta kwanta da gefe, ta mirgina ta tashi, harshen wutar ko kaɗawa bai yi ba. Ba ta kalli kyamara ko sau ɗaya ba. Shi take kallo, shi yake kallonta.

Kiɗa ya tsaya. Ta tsaya cak, hannuwa a buɗe, fitila a ka.

Jomar ya fito daga gefe ya zube a kan gwiwa ɗaya, ya buɗe ɗan akwati. Zauren ya ɗauki ihu. 'Yan mata suna tsalle a kan kujeru.

"Joya," ya ce cikin abin magana, "za ki aure ni?"

Ta buɗe baki. A'a ɗin tana kan harshenta, ta kwana tana maimaita ta.

Sai ta ga ubanta ya miƙe.

Ya hau matakalar dandamalin, taku uku, yana jan ƙafar hagu. Ya zo ya tsaya bayan Jomar. Ta ji warin teku da taba. Hannunsa na dama ya ɗago ya miƙo mata, bayan hannun a sama, yatsu a sake, kamar yadda yake yi duk ranar da ya dawo daga ruwa ta tare shi a ƙofa.

Ba tunani ta yi ba. Wanda aka haifa a nan ba ya tunani a kan wannan. Babba ya miƙo hannu, kai ya sauka.

"Mano po, Tatay."

Ta sunkuya.

Masu kallo suka zaci e ce ta gyaɗa. Ihun da suka yi har titi aka ji shi. Suna cikin tafi fitilar ta kife, mai ya bi gashinta ya gangaro, wuta ta bi man. Na hannuwan suka faɗi, hannun rigar ya kama kamar takarda.

Jomar ya ja da baya da gindi, zoben ya gangara ƙarƙashin dandamali. Direk tana ihu a kawo abin kashe wuta, ba wanda ya san inda aka ajiye shi.

Rodel ya riga kowa gani, don fuskarta ce cike da gilashinsa. Ya saki kyamara ya haye. Ba bargo, ba ruwa, bai tsaya cire rigarsa ba. Da tafin hannu ya danne gashin. Da yatsu ya kama robar da ke narkewa a kafaɗarta ya yage, ta manne masa, ya sake kamawa ya yage. Bai daina ba sai da wutar ta mutu. A gidajen mutane kuwa tuni aka sako tallar sabulu.

*

Kwana biyu kafin Aling Medy ta iso asibitin, don teku ya yi fushi jirgi bai tashi ba. Ta shigo da hantsi, da baƙar jakarta a hammata.

Rodel yana zaune a gado, hannuwansa biyu a naɗe har gwiwar hannu, an ɗora su a kan matashi. Jovelyn tana gefensa. An aske mata kai, bandeji ya rufe daga goshi har ido da kunnen hagu. Kunun shinkafa take ba shi a baki da hannunta mai lafiya.

Tsohuwar ta tsaya a ƙofa tana kallon hannuwan ɗanta. Ta daɗe. Ba ta yi kuka ba.

"Nanay," in ji Rodel, "ba laifinta ba ne. Ta riga ta..."

"Ban tambaye ka ba." Ta dubi Jovelyn. "A kantin maƙwabtanku na gani. Kowa yana cewa kin amsa wa mai jan bakin nan. Ni na ga leɓenki. Wa kika yi wa mano?"

"Tatay."

"Ya miƙo?"

"Ya miƙo."

"Kin kama?"

"Na kama, Aling Medy. Ya taɓa goshina."

"Da sanyi ko da ɗumi?"

Hawaye ya gangaro ta idon da ba a rufe ba.

"Da ɗumi."

Aling Medy ta yi alamar gicciye. Ta jawo kujera ta zauna da nauyi kamar wadda ta sauke buhu.

"Uwarki ta ce tun ranar Asabar matakala ba ta ƙara yin ƙara ba," ta ce. "Ya ƙirga ki."

Jovelyn ta ɗebo kunu ta nufi bakin Rodel.

"Ki hura tukuna," in ji tsohuwar. "Tun yana yaro ba ya son abu da zafi. In za ki yi, ki koya da kyau. Abin da za ki yi ke nan har ki tsufa."

Shirin bai tsaya ko kwana ɗaya ba. Ranar Litinin wata yarinya daga Cebu ta tsaya a wurin Joya da fitilun batir. Kafin wata uku Jomar ya durƙusa mata.

Jovelyn ta koma Lubang ta yi wata gomanta. Gashi ya fito ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya ƙi. Da aka cire baƙi aka ɗaura auren a cocin garin, amarya da mayafi mai kauri. Fada, limamin cocin, ya ce ango ya sa wa amarya zobe. Likita ya riga ya cire wa Rodel yatsu biyu a dama, sauran kuma sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Ya gwada ɗauka daga faranti, ya kasa. Ya sake gwadawa. Gumi ya keto masa. A na uku ya tallabo shi tsakanin tafukansa biyu, ya miƙa mata kamar mai roƙo, Jovelyn ta ɗauka ta sa wa kanta.

Shekararsa ashirin da tara. Bai sake riƙe kyamara ba, bai sake riƙe cokali ba.